Ciwon da Malam ya aje wa ɗansa

Ku matso kusa, ɗiyana da jikokina, na Sabon Birni da na Sakkwato, akwai zancen da nake so in warware da kaina tun hannuna na iya riƙe biro. Na sha jin ana faɗi a gidajen biki, har wata ta taɓa faɗa a bayana tana zaton kunnena ya mutu, wai ɗana Likita ya ƙi yi wa ubansa aiki ranar da anka kai shi asibiti rai a hannun Allah, wai boko ya cire mashi tausayi. Ba haka anka yi ba. Likita ba za shi kare kansa ba, don in ya buɗe baki ubansa za shi tonawa. Uban nasa Malam kuwa ya koma ga Allah bai gyara zancen ba. Saura ni, kuma ina wurin tun daga fari har ƙarshe.

Ni 'yar garin Isa ce, aure ya kawo ni Sabon Birni, kuma tun da na shigo gidan ga ban cika fita ba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai ku yi haƙuri da rubutun. Amma Allah ya ba ni kunne. Abin da anka faɗa a zaure, ina madafa nake kwashe shi. Kakanku, wanda nake ce wa Malam, wanzami ne ɗan wanzami, shi ne Sarkin Aska na unguwarmu, har Gangara da Kurawa ake aiko mashi goron suna. A gidansu ga yadda ake koyon sana'a: yaro ya fara da bayan ƙwarya, a shafa mata laka ya yi ta karta da aska har ya daina yi mata tabo. Daga nan a ba shi kawunan ƙannensa. In hannu ya faɗa, sai wata safiya uban ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya cire hula, ya miƙa wa ɗan nasa kai ya aske mutane na kallo. Ranar ce ake yaye shi, a rataya mashi zabira, jakar fatar nan ta kayan aski. Ba a sakin yaro a kan baƙo sai ya taɓa jikin ubansa. Haka anka yi wa Malam, kuma a wurinsa duk sana'ar da ake riƙe wuƙa a cikinta haka ya kamata ta bi.

Likita shi ne ɗana na fari. Kun san al'adarmu, ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama in yi hira da shi ba. In ya zo gaisuwa ya durƙusa bakin ƙofa, in amsa ina duban wani wuri. Da ya ƙare karatun likita ya yi bautar ƙasa, munka yanka rago, munka ce an huta. Sai ga shi a zaure yana gaya wa ubansa wai za shi koma babban asibitin koyarwa a Sakkwato.

"Wai kai ba ka ƙare ba?" in ji Malam.

"Na ƙare na likita, Baba. Na tiyata za ni farawa."

"Shekara nawa?"

"Shida, in an ci jarrabawa. In an faɗi ta fi haka."

"Shida! Yanka na za a koya maka, ko ginin ganuwa?"

Daga nan duk zuwan da ya yi, in sun zauna bayan la'asar, nakan ɗauko wake in zauna tsinta kusa da katangar zaure. A nan na ji yadda ake yin likitan tiyata, kuma na ji tausayinsu. Shekarar fari, in ji shi, ba ka da aiki sai riƙe wata ƙugiya ta ƙarfe da ake buɗe ciki da ita don babba ya ga abin da yake yi. Ka tsaya awa uku, awa huɗu, hannu ya mutu, in ka motsa a daka maka tsawa. Sai ɗinkin fata, sai ƙullin zare. Ƙullin nan kam na gan shi da idona, don babu abin da ya tsira a gidan ga: ƙafar kujerata, marikin buta, igiyar shanya, duk sai ka ishe su da zare ƙulli bisa ƙulli, da dama da hagu, har ba ya dubawa. Wata babbar Sallah ina wankin kayan ciki ya aiko ƙanwarsa Kulu wai in ba shi hanjin ragon. Ya yanka shi biyu, ya ɗinke, ya ɗura ruwa ya matsa ya ga ko za ya yi yoyo, ya sake yankawa ya sake ɗinkewa har rana ta faɗi. Shekarar nan ba mu ci naɗin hanji ba. Ana kuma zagayawa da su sashe-sashe, wata uku wurin masu karaya, wata uku wurin yara, wata uku wurin ciwon fitsari. Kowace safiya su bi babban malaminsu, wanda suke ce wa Farfesa, gado-gado yana yi masu tambaya gaban majiyyaci. Sau ɗaya a mako kuma a taru a ɗaki, duk wanda aiki ya ɓaci a hannunsa ya miƙe ya faɗi inda ya kuskure, manya su yi ta tankaɗe shi. Malam ya ce wannan kam ya yi mashi, ko wanzamai da suna haka da an rage ɓarna.

Sai ranar da zancen littafi ya fito. Likita ya ce kowanensu na da littafi, duk aikin da ya shiga sai ya rubuta, wanda ya kalla da wanda ya taimaka da wanda ya yi da hannunsa, Farfesa ya sa hannu a gefe. In littafin bai cika ba, ba a barin mutum ya zauna jarrabawa.

"Wane irin aiki ake biɗa a ciki?"

"Iri-iri, Baba. Maƙoƙo, ƙari, hanji in ya toshe, gwaiwa."

"To kai an ba ka wuƙa?"

"Muna dai koyo, Baba."

Malam ya yi shiru. Ni da na shekara talatin da wani abu ina sauraren shirunsa, na san wanga ba na banza ba ne.

Ku yi mani aikin gafara, ya zama dole in faɗi abin da ba a faɗi gaban ɗiya. Malam na da gwaiwa. Ta fito mashi a kakar shekarar nan bayan ya ɗaga buhun gero, wani kumburi a ƙasan mara wanda likitoci sunka ce hanji ne ke saukowa ta wata kafa. Na gane ne wata rana bayan azahar da na shiga da fura na ishe shi kwance rigingine yana tura ta ciki da hannu. Na ce sai a gaya wa Likita. Ya tashi zaune ya gyara riga.

"Ba yanzu ba. Wagga tashi ta, na aje mashi."

"Ka aje mashi mi, Malam? Ciwo?"

"Ba ki ji shi ba? Shekara biyu shina riƙon ƙugiya. Wa za shi ba baƙon yaro jikinai ya koya? Can ba shi da kowa. Ranar da anka ba shi wuƙa, in tahi da ƙahwata in kwanta, in ce ga ubanka, fara. A rubuta ni a littahin. Amana ce na ba ki, ko Kulu kada ta ji."

To a nan nawa laifin yake, kuma ba za ni ɓoye ba: daɗi na ji. Na ga mutumin da bai taɓa yabon ɗansa a fili ba ya tanadar mashi abin da ya fi rago. Na karɓi amanar. Ni na yage mashi tsohon rawani yana ɗaure mara da shi in za shi hau babur. Kowace Sallah in Likita ya zo, Malam ya yi tambayarsa guda, an ba ka wuƙa? Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, muna dai koyo, Baba. Malam ya ƙara tamke rawaninsa. Haka munka ci damina biyu, abin na ƙara girma, yana ƙara wuyar komawa.

Wata Alhamis, gero ya fara fidda kai, ya tafi suna Gangara da sassafe. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga mai babur ya kawo shi, an riƙo shi ta hammata. Ko askin jaririn bai ƙarasa ba. Ashe tun la'asar ɗin jiya gwaiwar ta sauko ta ƙi komawa, bai gaya mani ba. Na taɓa wurin na ji shi tauri kamar dutsen niƙa, cikinsa ya kumbura, sai amai, na fari fura, na biyu wani abu kore mai wari. Ya ce in ba shi zuwa la'asar, tana komawa, ta saba. Na fita tsakar gida na tsaya. Akwai waya da Likita ya saya mani tun tuni, Kulu ta nuna mani inda ake dannawa a same shi, amma ban taɓa dannawa ba. Da ubansa yake magana, ya ce a gaishe ni, in ce ina amsawa. Na ɗauko ta daga cikin kwalla, na shiga bayan rumbu, na juya fuskata ga bango kamar yana ganina, na danna.

"Inna? Ke ce? Lafiya?"

"Babanku na, ba shi jin daɗi."

Na faɗi abin a dunƙule, na zaci za shi gane ya ƙyale ni. Ina! Muryarsa ta sake, ta koma wata da ban san shi da ita ba, ba kunya ba sauri. Wane gefe ne? Ya yi tauri? Amai sau nawa, wane launi? Ya zaga bayan gida? Iska na fita? Ina amsawa gumi na zubo mani. Sannan ya ce:

"Tun yaushe yake da ita?"

"Damina biyu."



"Inna, ki saurare ni. Kada a ba shi komi, ko ruwa. Kada kowa ya ƙara danna wurin. Ki aika a kira Baffa Shehu da mota yanzu. Ku biya asibitin gari, za ni kira wani abokina ya sa mashi ƙarin ruwa, daga nan kada ku tsaya ko'ina sai nan."

Da na koma ɗaki Malam ya dubi wayar a hannuna.

"Kin kira shi?"

"Na kira."

"Amanar ke nan."

Bai ƙara ce mani komi ba har Sakkwato. Baffanku Shehu, ƙanen Malam, direba ne, lokacin kuma hanya na da sauran lafiya. Munka kwantar da Malam a baya, na tallabi kansa, ledar ruwan na rataye a marikin ƙofa tana lilo. Shehu abokin wasana ne, ya ga na firgita, sai ya riƙa ja na da zance: "Matar yaya, yau ga ki hanyar birni ba biki ba suna. Riƙe shi da kyau, in ya kuɓuce maki ni za ki aura." Yana faɗi yana ƙara wa motar wuta.

Munka isa ana shirin kiran la'asar. Likita na tsaye bakin ƙofa da koren kaya da takalmin roba, ban taɓa ganinsa haka ba. Kafin in sauko an ɗora Malam a gado mai taya, an ɗebi jini, an zura mashi roba ta hanci. Tare da Likita akwai wani dogo baƙi, abokin koyonsa da ya girme shi da shekara guda a aikin, Dakta Tunde, Bayarabe haifaffen Gusau, Hausa a bakinsa kamar tamu. Shi ke da aikin gaggawa ranar nan. Ya duba Malam, ya dubi tsagen Gobir da ke kumatunsa, ya yi murmushi. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa.

"A'a, Bagobiri! Yau bawa ya faɗo hannun ubangijinsa. Wace kyanwa ce ta yakushe ku haka, kai da ɗanka?"

Malam da ke nishi ya buɗe ido guda.

"Wa ya saki bawan ga cikin asibiti? Ku ba shi tsintsiya."

Anka yi dariya, har na ji sanyi kaɗan. Sai anka kawo takardar da mai ciwo ke dangwala wa yatsa kafin a yi mashi aiki. Tunde ya yi bayani, ya ce shi za shi yi, Farfesa na tare da shi. Malam ya janye hannunsa ya cusa ƙarƙashin zane.

"Ba kai ba. Ga mai aikin nan tsaye. Damina biyu ina aje mashi ita."

Likita ya dube shi, ya dube ni, na ga lokacin da ya gane. Ya durƙusa bakin gadon.

"Baba, ba a bari. Likita ba ya yi wa ubansa ko uwarsa ko ɗansa. Ko Farfesa in nasa ya kwanta, wani yake kira."

"Wace irin sana'a ce wagga da ɗa ba ya taɓa ubansa? To a mai da ni gida."

Farfesa ya iso ana cikin haka, wani gajeren dattijo mai farin gemu, ba shi da hayaniya. Ya taɓa cikin, ya dubi agogonsa, ya ce, "Baba, hanjin da ya shaƙe mutuwa yake yi kaɗan-kaɗan. In ya fashe a ciki, aikin ya fi ƙarfin mu duka. Ba za mu taɓa ka ba sai ka yarda, amma lokaci na tafiya." Shehu ya roƙa, ya ambaci iyayensu. Likita ma ya roƙa. Malam ya juya fuska ga bango ya ce shi dai an raina ɗansa ne, in ba a ba shi yau ba yaushe za a ba shi. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Farfesa ya sake duban agogo.

Ni ba mai magana gaban maza ba ce. Ban san lokacin da na matsa ba.

"Malam, dubi huskar yaron ga. Tsagen da ke gare shi, wa ya yi shi?"

Kowa ya juyo. Ku sani, duk Sabon Birni an san tsagen Likita a matsayin gwanintar Sarkin Aska, ana misali da shi, shi ma Malam in an yaba ba ya musu. Amma ni ina ɗakin ranar sunan. Malam ya ɗauki jaririn ya ɗora bisa cinya, ya ɗauki aska, sai hannun da ya tsaga ɗiyan gari ɗari bai girgiza ba ya kama kaɗawa. Ya aje, ya sake ɗauka, ya sake ajewa. Kawun Malam, tsoho Mainasara, ya karɓa ya yi, Malam na bayan ƙofa ya toshe kunne. Mu uku munka sani, Mainasara kuma ya daɗe da rasuwa.

"Askin kai daban, jini daban," na ce. "Kai ka kasa fidda jinin ɗanka, kana Sarkin Aska. Shi kake so ya buɗe cikinka, in hannunai ya kaɗa ya ɗauki abin har kabari?"

Malam ya juyo a hankali ya tsura wa fuskar Likita ido, ya daɗe. Ni bai dube ni ba. Can ya fiddo hannun daga zane.

"Kawo takardar. Kai kuma Bayarabe, in ka yi mani ɗinkin buhu, in na tashi sai na warware shi ka sake."

"Kwanta dai, bawana," in ji Tunde, yana tura gadon da gudu.

Anka bar mu a baranda, benci guda. Shehu ya tafi salla. Tun da na yaye Likita ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Ya zauna a ƙarshen bencin, ni a ɗaya ƙarshen, yana duban agogon bango yana magana kamar da kansa yake yi, ni kuwa na san don ni yake faɗi. Yanzu sun sa shi barci. Yanzu suna wanke hannu har gwiwa. Yanzu nas na ƙirga auduga da almakashi, za ta sake ƙirgawa kafin a rufe don kada a manta komi a ciki. Yanzu sun kai ga hanjin, za su naɗe shi da tsumma mai ɗumi su jira, in ya koma ja yana motsi ya rayu, in ya tsaya baƙi sai a yanke a haɗa. Na tuna hanjin ragona na Sallah, na ce a raina Allah ya sa shi ma Tunden uwarsa ta ba shi nata.

Can Likita ya ce, bai dube ni ba, "Inna, damina biyu."

Na ce, "Cewa ya yi littafinka bai cika ba. Kullum ka ce kuna koyo."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Na zaci kuka yake, ashe har da dariya a ciki.

"Inna, gwaiwa ita ce aikin fari da ake sakar mana. Tun shekarata ta biyu nake yin ta, shafinta ya cika tuntuni. Da ya zo da ƙafarsa, aikin awa guda ne, ya kwana biyu ya koma gida. Ni ya zan yi in zauna gaban Baba in ce na iya? Farfesa kansa in kin tambaye shi, cewa zai yi muna koyo."

Mi za ni ce? Uba ya yi shiru don ɗa, ɗa ya yi shiru don uba, ni kuma ina tsakiya ina yagar rawani.

Rana ta yi ja sannan ƙofa ta buɗe. Tunde ya fito, hularsa jiƙe da gumi. Ya zo gabana ya durƙusa har ƙasa, ya bar wasa.

"Mama, an gama, yana numfashi da kansa. Mun yanke hanji kamar taki guda, ya riga ya mutu, amma bai fashe ba. Kun zo a kan gaɓa."

Na zauna a siminti ina ta hamdala. Likita ya tambaye shi wa ya yi haɗin. Tunde ya ce shi ya yi, daga fari har ƙarshe, Farfesa ya tsaya ɗaya gefen ya riƙe mashi ƙugiya, sau biyu kawai ya yi magana. Wannan ya tsaya mani a rai har yau, dattijo mai furfura ya riƙe wa yaronsa ƙugiya.

Amma ba a ce an tsira ba sai hanjin ya tashi aiki, kuma alamarsa, ku yafe mani, tusa ce. Kwana uku duk safiya Farfesa ya shigo da ayarinsa, su tsaya kan Malam, ya titsiye Tunde da ƙananan da tambaya, sannan ya sunkuya da ladabi ya ce, "Baba, an samu?" Malam ya ɗaure fuska ya ce ba a samu ba. Rana ta huɗu da hantsi anka samu, kuma duk ɗakin sunka ji. Wani Bafillace a gadon kusa ya ce barka, nas ta tafa, Shehu ya fita da gudu ya sayo goro ya raba. Sarkin Aska guda, ana yi mashi barka da wannan! Ni dai ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Da anka buɗe ciwon, Malam ya sa anka kawo madubi, ya bi ɗinkin ɗaya-ɗaya da ido irin na mai sana'a, ya ce wa Tunde, "Ba laihi. Wanga na ukun ya ɗan karkace." Tunde ya ce da gangan ya yi, don Bagobiri ya riƙa tuna ubangidansa.

Abin bai wuce haka nan ba. Malam bai ƙara hawa babur zuwa ƙauye ba, ya rataya wa ɗan Shehu zabira tun da sauran ƙarfinsa. Likita ya zauna a taronsu na mako yana ji ana karanta labarin wani tsoho da ya yi damina biyu da gwaiwa, ɗansa na cikin masu yin aikinta kullum, kowa kuma ya san tsohon wa ake nufi. Daga baya ya ci jarrabawarsa ta ƙarshe, wadda manyan da ba su san shi ba ke zuwa daga nesa su titsiye mutum gaban majiyyaci, yau shi ke riƙe wa wasu ƙugiya. Tun daga ranar bencin nan kuma yakan kira wayata kai tsaye, in ɗauka, har in tambaye shi ko ya ci abinci.

Ni da Malam kuwa, bayan mun dawo gida ya yi wata guda ba ya ce mani sai kawo, ɗauke. Wata safiya na kai mashi kunu, ya karɓa, ya ce:

"Wayar da kinka yi, na yahe. Allah shi yi maki albarka."

Na tsaya riƙe da faifai ina jiran yafiya ta biyu, ta zancen tsagen. Ya hura kununsa ya sha. Shekara bakwai ya ƙara a duniya, munka aurar da jikoki biyu tare, munka yi dariya da yawa, ya yi ƙiba har riguna sunka matse shi, amma zancen tsagen nan bai taɓa tada shi ba, ni ma ban tada ba. Ina barcina lafiya, don shekara bakwai ba kaɗan ba ce, kuma da na yi shiru da ban same su ba. Sai dai wani lokaci in ina tsintar wake nakan juya abin. Ku da kunka yi karatu kun fi ni dabara, ku gaya mani: da ku ke tsaye bakin gadon nan, Farfesa na duban agogo, wace magana za ku faɗa wadda za ta sa shi fiddo hannu ba tare da kun tona shi gaban ɗansa ba?